Abin da ƙuncin aljihu ya tona mini game da zuwana gidan rawar tsiraici

Ni ɗan canji ne, kuma na ɓatar da wani babban yanki na ƙuruciyata ina cikin waɗanda ake kira 'yan gida a ɗaya daga cikin gidajen rawar tsiraici da ke yankin Ikeja a birnin Legas. Na san cewa wannan magana ce da Bahaushe ba ya son furtawa ko a gaban amininsa, amma na zaɓi in rubuta ta saboda na tabbata ba ni kaɗai ba ne wannan hali ya kama a cikin 'yan Arewa mazauna Kudu, kuma saboda akwai wani zato da jama'a suke yi wanda na ga rashin ingancinsa a kaina. Mutane suna ɗauka cewa mai irin wannan ɗabi'a yana barinta da zarar kuɗinsa sun ragu. Ni da kuɗina suka ragu, haƙƙin iyalina na fara yankewa, na bar wa wancan gida nasa kason har zuwa lokacin da babu sauran abin yankewa.

An haife ni a wani ƙauye a Jihar Kano, a gidan da ake noma gero da gyaɗa, ake kuma tashin yara karatun allo tun kafin gari ya waye. Mahaifinmu ya rasu ban gama sakandare ba, sai ƙanin mahaifiyata ya ɗauke ni ya kai ni kasuwar canji ta Wapa a unguwar Fagge, inda ya damƙa ni ga wani dattijo da ya zama ubangidana. A wurinsa na koyi ƙirga kuɗi da sauri, da gane jabun dala ta hanyar shafa takardar da yatsa, da riƙe lissafin riyal da sefa da fam a ka ba tare da rubutawa ba. Babban darasin da ya fi nanata mini shi ne cewa jarin ɗan canji amana ce, domin a kasuwarmu ana miƙa wa mutum miliyoyi da kalmar baki kawai, kuma ranar da aka daina yarda da bakinka ka tashi daga kasuwa ko da kuɗi cike da jakarka. Da ya ga na kama hanya, sai ya tura ni Legas a shekarar 2014 in kula masa da harkarsa a titin Allen, inda 'yan canji 'yan Arewa suka daɗe da kafuwa.

Na yi aure kafin in tafi, amma na bar matata a gida tare da mahaifiyata kamar yadda yawancinmu suke yi, saboda tsadar haya da kuma ganin cewa zaman Legas na ɗan lokaci ne. Na kama ɗaki a Agege tare da wasu 'yan'uwa. Rayuwar ba ta da wani fasali da ya wuce wannan: a fita da sassafe, a wuni ana tsaye ko ana zaune a bakin titi ana jiran mai saye ko mai sayarwa, a dawo bayan magariba a gajiye, a ci abincin sayarwa, kowa ya rungumi wayarsa. Ina zuwa gida da Sallah ƙarama da babba, wani lokaci da wata hidima ta dangi. A tsakanin waɗannan tafiye-tafiye babu wanda yake tambayata yadda na wuni, kuma ban taɓa zaton wannan rashi yana da wani nauyi ba, domin a tarbiyyarmu namiji ba ya kukan kaɗaici.

Sana'a ce ta fara kai ni ƙofar gidan. Titin Allen da kewayensa suna da fuska biyu, da rana kasuwa da ofisoshi, da dare kuma wuraren shaƙatawa. Wani abokin cinikina da yake canza dala a hannuna ya kira ni wani dare ya ce in kawo masa sababbin takardun naira a wani kulob, zai biya ni da ƙari mai kauri. Na kai masa a ƙofa na juya. Daga baya kiran ya yawaita, har manajan gidan ya karɓi lambata, na zama mai kawo musu rafar sababbin 'yan ɗari biyar da 'yan ɗari biyu waɗanda suke sayar wa masu liƙi. Wata rana aka ce in shigo in jira a ƙirga kuɗin, aka ba ni kujera da lemo mai sanyi. Na zauna ina kallon ƙasa, zuciyata tana bugawa, ina karanta a'uziyya a ɓoye. A zuwa na gaba na ɗaga kai. Ba a daɗe ba na fara zuwa a daren da babu wanda ya aike ni.

Shekarun 2016 zuwa 2019 shekaru ne na samu a gare ni. Faɗuwar darajar naira a 2016 ta buɗe tazara mai faɗi tsakanin farashin hukuma da na kasuwa, kuma duk wanda yake da dala a hannu ya ci riba. Ubangidana yana da lasisi, yana samun kasonsa daga Babban Bankin Najeriya, ni kuma ban da la'adata na tara ɗan jarin kaina, wasu 'yan garinmu ma suka ba ni kuɗinsu ina juya musu. A wannan lokacin ne na zama ɗan gida. Ina da teburina a ɓangaren manyan baƙi, ƙartin da ke tsaron ƙofa ba sa caje ni, kuma da zarar na sa ƙafa sanƙiran gidan, mai riƙe da makirufo kusa da mai saka kiɗa, zai ɗaga murya ya ce Alhaji ya iso, alhali ko Makka ban je ba a lokacin. Ba na shan giya, amma dokar teburin ita ce sai an sayi kwalba mai tsada, don haka nake saya in bar wa waɗanda suka zagaye ni, ni kuma in riƙe kwalbar maltina. Da wannan nake lallashin zuciyata: ba na sha, ba na bin kowa ɗaki, kallo ne kawai da kyauta. Na san abin da aya ta 30 a Suratun Nur ta ce game da runtse ido, na haddace ta tun ina yaro, amma na koyi wuce ta da sauri idan na zo kanta a tilawa.

Sha'awa tana cikin abin da yake kai mutum irin wannan wuri, kuma ba zan musa ba. Sai dai da na zauna daga baya ina bin diddigin abin da ya riƙe ni shekara da shekaru, na ga cewa girman da ake ba ni ya fi komai ƙarfi. Da rana ni Malam ne mai tsayuwa a bakin titi, wanda mai mota yake kira da hannu ta taga, wanda wasu suke kira da sunan raini saboda daga Arewa ya fito. Da dare kuma ni ne wanda ake buɗe wa hanya, ake tambayar lafiyarsa, ake lura idan ya yi mako bai zo ba. Akwai wata daga cikin 'yan rawar da ta saba zama a teburina, tana tuna duk abin da na gaya mata, tana tambayata jikin mahaifiyata da karatun 'yata. A duk faɗin Legas ita ce kaɗai take yi mini irin waɗannan tambayoyi, kuma na ƙi bari kaina ya lissafa cewa ina biyan kuɗin kowace tambaya.

Lokacin da aka rufe Legas saboda annobar korona a ƙarshen watan Maris na 2020, aka rufe wuraren rawa na tsawon watanni, na ɗauka Allah ya yaye mini. Na ga kuɗi suna taruwa a asusuna duk da ciniki ya ja baya, abin da ya isa ya nuna mini girman ɓarnar da nake yi. Na sayi fili a gida, na yi alkawari tsakanina da Ubangijina. Amma ban sauya komai a tsarin rayuwata ba, ɗakin nan ne dai, daren nan ne dai mai tsawo, kuma da aka sake buɗe wuraren, saƙo ɗaya daga manajan gidan ya isa ya mayar da ni.

Ƙuncin ya fara shigowa ne a watan Yulin 2021, lokacin da Babban Bankin ya sanar da daina sayar wa kamfanonin canji dala. Kafin nan kowane mai lasisi yana iya samun har dala dubu 20 a mako, kuma a kan wannan kaso ne harkar ubangidana ta dogara. Daga ranar muka koma neman dala a hannun matafiya da masu karɓar aike daga ƙasashen waje, kowa yana fafutukar abu ɗaya, riba ta zama 'yar kaɗan a kan kowace dala. Matakin farko da na ɗauka ya nuna inda hankalina yake. Na rage kuɗin cefanen da nake aikawa gida, na ce wa matata kasuwa ta lalace, ta yi haƙuri ta riƙa lallaɓawa, kuma gaskiya ne kasuwar ta lalace. Abin da ban gaya mata ba shi ne a wannan watan teburina bai ragu da kwalba ko ɗaya ba. A raina ina cewa mutanen gida suna da hatsi a rumbu, ba za su kwana da yunwa ba, amma idan na sauka daga teburin manya kowa zai gani a daren.

Farkon 2023 ya zo da ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Mutane suna kwana a layin banki, masu POS suna karɓar dubu biyu a kan dubu goma a wasu wurare, kuma harkar kai sababbin kuɗi da take rage mini asara ta tsaya cak. A cikin kulob ɗin liƙi ya koma taransifa, ana rubuta lambar asusu a takarda a ajiye a kan tebur. A nan na fara lura da wani abu a kaina: tura kuɗi ta waya ba ya ba ni daɗin da watsa takardu yake ba ni, domin babu mai gani. Sai na riƙa sayen tsabar kuɗi da tsada don kawai in watsa su, a daidai makonnin da matata take ba ni labarin yadda ta kasa samun naira ɗari biyar ta sayen kayan miya.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. A ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi. Kuɗin mota ya ninka, haya ta tashi, buhun shinkafa ya kama hanyar da ta kai shi sama da naira dubu 80 a shekarar da ta biyo. Kulob ɗin ma ya ƙara kuɗin kwalba da na shiga. A wannan lokacin ne na fara saukowa mataki-mataki, kuma kowane mataki sai da na yi masa dabara don kada a gane. Na bar ɓangaren manya na ce hayaniyarsa ta dame ni. Na koma zuwa a tsakiyar mako, lokacin da ba a cika karɓar kuɗin ƙofa ba. Na bar 'yan ɗari biyar na koma 'yan ɗari biyu, daga baya 'yan ɗari, ina sakin su ɗaya bayan ɗaya a hankali don rafa guda ta kai ni tsakar dare. Har na koyi zuwa a makare, in tsaya kusa da teburin wani da na sani, don a ɗauka tare muke.

Babu wanda ya wulaƙanta ni da baki a gidan, kuma ba ni da ƙorafi a kan kowa. Abin da ya faru shi ne girman da nake saya ya riƙa raguwa daidai da kuɗin da nake biya. Sanƙira ya daina ambatona. Mai tsaron ƙofa ya fara shafa aljihuna kamar kowa. Yarinyar da take zama a teburina takan zo ta gaishe ni a tsaye, ta wuce inda ake watsa kuɗi. Wani dare na riƙe ta da magana, na yi mata ƙorafin cewa ta canza. Ta ja kujera ta zauna, ta yi mini magana da wata murya da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce kafin ta hau dandamali kowane dare sai ta biya gidan kasonsa, ga kuɗin kaya da gashi da kwalliya, ga motar da za ta mayar da ita gida da asuba wadda kuɗinta ya ninka, ga ɗanta da ta bari wurin tsohuwarta a wata jiha mai nisa suna jiran aike. Ta ce masu liƙi sun ragu, 'yan rawa kuma sun ƙaru saboda yunwa tana koro sababbi. Sannan ta dube ni ta ce, “Alhaji, kai mutumin kirki ne, amma idan ba ka da shi yanzu ka je gida ka huta. Nan wurin aiki ne.” Na ji zafin maganar ƙwarai, har na yi fushi da ita kwanaki, duk da cewa ita kaɗai ce ta gaya mini gaskiya a duk shekarun da na yi a gidan. Ta kuma sa na ga abin da na daɗe ina kawar da kai daga gare shi, wato cewa ita ma 'yar wasu ce da talauci ya tura, kuma kuɗina suna cikin abin da ya riƙe wannan kasuwa a tsaye.

Duk da haka ban daina ba. Na sayar da filin da na saya lokacin korona, na ce wa mahaifiyata zan ƙara jari ne. Da wannan ya ƙare na fara taɓa kuɗin mutanen da suka ba ni juyawa, da niyyar in mayar idan ciniki ya faɗa. A watan Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, kowa yana cewa za ta haura dubu biyu. Na ga wannan ce damar da zan cike ramin da na haƙa, sai na tattara duk abin da ya rage a hannuna, nawa da na mutane, na sayi dala a kan farashi mai tsada na ɓoye. A daidai lokacin hukumomi suka riƙa kai samame kasuwannin canji, a farkon Maris Babban Bankin ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, kuma zuwa tsakiyar Afrilu dala ta sauko kusa da naira 1,100. Masu kuɗi suka tsorata suka fara neman haƙƙinsu, dole na sayar a kan faɗuwa. 'Yan canji da yawa sun yi asara a wannan juyi, kuma da asarar kasuwa ce kaɗai da an yi mini uzuri. Tawa ta haɗu da giɓin da na riga na yi tun kafin dala ta motsa.

Na je gida da ƙaramar Sallah a wannan watan ba tare da kayan Sallar kowa ba. A nan na tarar da abin da ragin da nake yi ya haifar. An mayar da 'yata daga makarantar kuɗi zuwa ta gwamnati tun zangon da ya wuce, ba a gaya mini ba don kada hankalina ya tashi. Mahaifiyata, mai fama da hawan jini da ciwon suga, ta koma raba ƙwayar maganinta biyu don ta kai ta ƙarshen wata. Na lura kunnen matata babu 'yan kunnen gwal ɗin da aka sa mata a lefe, da na tambaya ta ce, “Abbansu, na ga kana cikin matsi ne, ban so in ƙara maka ba. Allah zai mayar.” Da dare mahaifiyata ta kira ni ɗakinta, ta kama hannuna ta ce, “Babana, na ga ka rame. Kada ka kashe kanka saboda mu, abin da Allah ya hore shi za mu ci.” Ta daɗe tana sa mini albarka a kan wahalar da take zaton ina sha dominsu. Ban taɓa jin nauyi irin na wannan albarka ba, kuma ban iya cewa komai ba sai amin.

Da a ce labarin yana tafiya yadda ake so, da daga nan na tuba. Amma da na koma Legas na sake zuwa gidan, da kuɗin da na ranta a hannun wani ɗan ɗakinmu da sunan kuɗin mota. A lokacin an fara tsananta hukunci a kan wulaƙanta naira, wanda sashe na 21 na dokar Babban Bankin ta 2007 ya tanadar wa ɗaurin wata shida ko tarar naira dubu 50, har wata kotu a Legas ta ɗaure wani sananne a kafafen sada zumunta a watan Afrilun. Saboda haka gidan ya buga wasu takardu nasa da ake saya a watsa a maimakon naira. Na sayi 'yan kaɗan na zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa. Babu wanda ya zo wurina, ni ma ban ji daɗin komai ba, amma na kasa tashi, domin ban san inda zan kai kaina a wannan dare ba idan ba nan ba. A lokacin na gane cewa abin ya daina zama nishaɗi tun tuni, ya zama wurin da nake ɓuya daga tunanin ɓarnar da shi kansa ya jawo.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu kuɗi suka kai ƙarata wurin ubangidana, ya taso daga Kano duk da tsufansa, ya sa aka fitar da bayanan asusuna na banki. Muka zauna mu biyu a ɗakin wani dattijon unguwa a Agege, ya sa tabarau yana bin takardun da yatsa layi-layi. Bai san Turanci sosai ba, amma ya san lamba kuma ya san lokaci, ya ga kuɗi suna fita da ƙarfe ɗaya da ƙarfe biyu na dare zuwa suna ɗaya, mako bayan mako. Ya tambaye ni wane ciniki ake yi a wannan lokaci. Na gaya masa komai. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, “Ni na turo ka garin nan kai kaɗai kana yaro, ban taɓa tambayar inda kake kwana ba. Zan amsa nawa a gaban Allah, kai ma za ka amsa naka.” Ya tuna mini hadisin da ke cewa za a tambayi bawa game da dukiyarsa, ta ina ya same ta kuma a ina ya kashe ta. Bai zage ni ba, bai kuma tona mini asiri a kasuwa ba. Ya tsaya mini a wurin masu kuɗi, aka rubuta bashin a gaban shaidu, aka yanka abin da zan riƙa biya kowane wata.

Sharuɗɗan da ya gindaya su ne suka yi aikin da talauci ya kasa yi. Ya raba ni da riƙe kuɗin kowa, na koma aikin la'ada kawai a ƙarƙashin wani. Ya sa na canza layin waya. Ya haɗa ni da dattijon da muka zauna a ɗakinsa, wanda yake karantar da littattafan fiƙihu tsakanin magariba da isha'i, ya ce kullum a gan ni a wurin, bayan isha'i kuma in ci tuwo a gidansa. Watannin farko sun yi mini wuya fiye da yadda zan iya bayyanawa. Daren Juma'a da na Asabar jikina yakan san lokaci, in ji ƙirjina ya cika, in riƙa zagaya ɗaki. Akwai daren da na kai har tashar mota kafin in juyo. Abin da ya fi taimaka mini shi ne samun mutanen da suke lura idan ban zo ba, kuma ba sa jiran ko sisi daga hannuna.

Shawarar da ta fi mini nauyi ita ce ta gaya wa matata. Wasu malamai da na tambaya ba tare da na ambaci kaina ba sun ce wanda Allah ya suturta kada ya tona kansa, kuma na yarda da wannan a kan abin da ke tsakanina da Ubangijina. Amma haƙƙinta na ci, gwal ɗinta ya tafi a kan ƙaryar da na yi mata, kuma na ga ba zan iya neman yafiyar abin da ba ta san an yi mata ba. Na gaya mata cewa kuɗin ba kasuwa ce kaɗai ta cinye su ba, na faɗa mata irin wurin ba tare da na shiga bayanin da zai ƙara mata ciwo ba. Ta yi kuka, ta tafi gidansu ta yi makonni, kuma ba ta gaya wa kowa dalili ba, har mahaifiyata, wadda har yau ba ta sani ba. Da ta dawo sharaɗi ɗaya ta kafa, cewa ba za ta sake zama a wani gari ina wani gari ba.

Yanzu muna zaune tare a ɗaki da falo a Agege, ita da yara, ƙanwata kuma tana kula da mahaifiyarmu, maganinta ne abu na farko da nake cirewa idan kuɗi sun shigo. Harkar canji ta sauya, domin tun watan Mayun 2024 an ɗaga jarin da ake buƙata don lasisi zuwa naira biliyan 2 ga manya da miliyan 500 ga ƙanana, irinmu kuwa sai dai mu raɓu da masu ƙarfi. Abin da nake samu bai kai rabin na da ba, amma yana isar mu fiye da yadda na da yake isa. Yarda tsakanina da matata ba ta gama dawowa ba, wani lokaci idan na yi dare a hanya saboda cunkoso nakan ga tambaya a fuskarta, kuma ba na jin haushin hakan.

Ba na cewa na warke, saboda ban bar wancan gida ina da kuɗi ba, kuma na riga na ga yadda na koma bayan korona da zarar hanya ta buɗe. Jarrabawar da nake tsoro ita ce ranar da samu zai dawo. Saboda haka muka yi tsari tun yanzu: alat ɗin asusuna yana shiga wayar matata, katin cirar kuɗi yana hannunta, kuma ubangidana ya ce ko bayan na gama biya ba zai bari a ba ni kuɗin juyawa ba sai dattijon unguwa ya shaida halina. Na biya fiye da rabin bashin, idan Allah ya sa na kammala, abin da zan fara saya shi ne 'yan kunnenta.